Kusurwar da Iya Dumbulwa ta Bari

Raliya ta fizge 'yarta daga cinyar tsohuwar kafin dabinon ya kai bakin yarinyar. Iya Dumbulwa ta tsaya da hannu a sama, taunannen dabino tsakanin yatsunta, tana kallonta kamar wadda aka zaga a gaban mutane. Sai tarin ya taso mata, ya lanƙwasa ta biyu, ya daɗe bai sake ta ba.

"Iya, na roƙe ki na kuma roƙe ki," in ji Raliya, tana goya Zinariya tana ɗaure zani da ƙarfin da ya wuce bukata. "Abin da ya shiga bakinki kada ya shiga nata."

"Da bakin nan na raini Sabiru, ga shi can yana tuƙa babbar mota."

"Lokacin ba kya wannan tarin."

Tsohuwar ta mayar da dabinon bakinta ta haɗiye. Ta ce to, 'yar Kano ta yanke hukunci, sai a ɗauko allura a ci gaba da aiki, in dai allurar ma ba a ce tana tari ba.

Gidan nasu yana can cikin unguwar Harra ta Gabas a Madina, inda lungu ba ya ɗaukar mota, bangon baƙin dutse kuma yake riƙe zafin rana har bayan magariba. Ɗakuna biyu ne suke kallon juna, da famfo ɗaya a tsakiya. Ɗaya na Raliya da mijinta Ƙasimu, wanda karatu ya kawo Jami'ar Musulunci ya taho da ita daga Kano. Ɗayan na Iya Dumbulwa ne, wadda ta riga lantarkin unguwar zuwa Madina. Ɗanta Sabiru a nan aka haife shi. Yana ɗauko dabino daga Badr, ya yi sabon gida a unguwar Bani Harisa, kuma in ya zo gaida uwarsa daga bakin ƙofa yake tsayawa da kwalin lemo a hannu, ta yi masa Hausa ya mayar mata da Larabci.

Aikin da matan biyu suke yi wani farin ƙyalle ne mai tsawon mutum a kwance, wanda matan lungun suke kira ɗinkin tsibiri. Ba irin aikin hula ko na gaban riga ba ne da Raliya ta saba gani a gida, inda ake ɗora zare a kan yadi. Shi wannan daga jikin yadin ake cirewa. A tsinke silin zare da bakin reza, a janye shi a hankali har ya fita, sannan a bi da allura ana tattara waɗanda suka rage ana ƙulle su, har wurin ya koma raga mai ƙananan idanu. Kowane zubi da sunansa: akwai idon kifi, akwai taru, akwai wanda Iya take kira jiran jirgi. In kuwa aka tsinke silin da bai kamata ba, babu gyara, rami ya samu.

Daga ranar dabinon zamansu ya canza. Iya a ciki a kan gadonta na igiya, Raliya a waje a kan tabarma, ƙyallen a miƙe tsakaninsu ta bakin ƙofa, Zinariya a baya ba a sauke ta. A haka Raliya ta ji tarihin, gutsure-gutsure, tsakanin tari da tari.

Iya tana yarinya iyayenta suka taso daga Damagaram a ƙasa, su yi noman damina a nan, su yi tsintar auduga a can, har suka kai bakin teku a Sudan. Mai jirgin da ya ɗauke su a ɓoye ya sauke su a wani tsibiri, ya ce ga ƙasar Makka nan, su miƙe gabas. Suka miƙe gabas suka tarar da ruwa. A can uwarta ta rasu, ba su da ko zanen kirki da za a rufa a kan makara. Matan masuntan wurin, waɗanda ba su jin Hausa ko kalma ɗaya, su suka zo da wani farin ƙyalle mai idanu suka shimfiɗa a kanta, aka kai ta, aka dawo musu da abinsu. Sai da Iya ta iya bakinsu suka gaya mata asalin abin. Kakanninsu ba su da alharini, ba su da zare mai launi, sai yagaggen ƙyallen da iska ke tura jirgi da shi, don haka suka ciro zaren daga jikinsa suka yi masa ado da nasa. Ba ta bar tsibirin ba sai da ta zama budurwa, da aikin a hannunta.

"Kowace mace takan yi nata," in ji Iya, "amma ba ta rufe shi. Takan bar kusurwa ɗaya. Wadda ta koya a hannunta ita za ta rufe, ranar da mai shi ta cika, a fita da ita a ƙarƙashinsa. Daga ranar ya zama na matan unguwa, duk wadda ta tafi a rufa mata. In bai fita da mai shi ba, ba a rufa wa kowa. Tsumma ne."

Raliya ta tambaye ta abin da ya fara zuwa mata a kai: a Madina, inda wanda ya mutu da safe ake kai shi Haram da azahar, yaushe za a zauna ɗinki? Iya ta ce ai shi ya sa take so hannun Raliya ya yi sauri, ga shi kuwa hannun kamar na mai ɗinkin buhun gero.

Ba son ado ne ya zaunar da Raliya ba. Ta duba ne ta ga babu wadda ta zo. Matar Sabiru ta taɓa gwadawa sau ɗaya ta ce yana sa ta ciwon ido. 'Yan matan lungun kuma kaya na kanti suke so. Ita kuwa Raliya in ta ce to, ta ce to ke nan.

Abin da yake ci mata rai shi ne tarin. Wata Juma'a da ta ji takun Sabiru, ta ja mayafi ta tare shi a gindin famfo. Ta gaya masa uwarsa ba ta iya kai kanta banɗaki, ba ta gama kofin kunu, kuma wannan ba tarin sanyi ba ne, a kai ta mustashfa, wato asibiti. Ya kalli bango ya amsa da Larabci, a tsanake, kamar mai bayani ga yaro: ya yi wa uwar magana ta ƙi, ta ce in ta shiga ba za su sake ta ba, kuma shi gobe yana da lodi a Badr. Raliya ta ce da Hausa, tunda ta san yana ji, in ta ƙi ai ɗauka ake yi, kamar yadda ita ta ɗauke shi lokacin da yake ƙi. Sabiru ya wuce ta. Ya ajiye lemon a bakin ƙofa, idonsa ya faɗa kan ƙyallen da ke kan tabarma, ya ture shi gefe da bakin takalmi don ya samu wurin tsayawa.

Da ta gaya wa Ƙasimu, ya ce zai yi wa Sabiru magana a masallaci, ya kuma yi. Ba abin da ya canza. Ita ma Iya da aka matsa mata sai ta juya fuska bango ta ce ta tako daga Damagaram don ta mutu a Madina, ba don ta mutu a hannun masu farar riga ba. Raliya ta rasa wanda za ta fi jin haushi, ɗan ko uwar.

Sai jini ya fara fitowa a tarin. Da safe ta gani a tsumman da ke gefen gado, kuma a makon ne Zinariya ta kwana biyu da zazzaɓi. Zazzaɓin haƙori ne, ya wuce, amma Raliya ta janye tabarmarta daga bakin ƙofar zuwa gindin famfo. Ta ware wa Iya kwano da kofi, tana dafa su a ruwan zafi. Abinci takan kai da mayafi a hanci, ta gyara shimfiɗa, ta fito ta wanke hannu har gwiwar hannu kafin ta taɓa yarinyar. Abu ɗaya ya rage a koyon, wato ƙullin da ake rufe kusurwa da shi, wanda Iya ta ce sai a ƙarshe.

Wata la'asar tsohuwar ta kira ta. Ba ta iya riƙe allura yanzu, sai ta ɗaga yatsu tana nuna ƙullin a iska, a cikin duhun ɗakin.

"Matso ki gani."

"Ina gani daga nan, Iya."

"Ƙarya kike yi. Matso."

Zinariya tana baya tana barci, numfashinta a wuyan uwarta. Raliya ta kalli tazarar da ke tsakanin famfo da gadon, ba ta motsa ba. Iya ta maimaita abin da yatsunta, a zagaya a koma ta ƙasa a ja, ko kuwa a koma ta sama, Raliya ba ta tantance ba. Sannan hannun ya sauka kan bargo.

"Taurin kai kamar jakin Damagaram," in ji tsohuwar. "Da ni ce ma haka zan yi."

Da hantsi, ba a daɗe da wannan ba, Raliya ta kai kunu ta tarar da ita a kwance ta gefen dama, ido a rufe, jikin bai gama sanyi ba. Ta ajiye kofin a ƙasa ta yi salati, ta ja bargo ta rufe mata fuska. Ta aika a kira Hajo, tsohuwar da ke wankan mata a lungun, ta aika a nemo Ƙasimu a Jami'a, shi kuma ya buga wa Sabiru waya daga kantin bakin titi. Sannan ta shiga ta ciro ƙyallen daga ƙarƙashin matashi, ta jawo tabarmarta ta mayar da ita bakin ƙofa inda take da, ta zauna ta zura zare.

A ciki Hajo da wata maƙwabciya suna wanka, ana jin ruwa yana zuba a daro. A waje Raliya tana cire sili. Wannan ta iya. Tattarawa ma ta iya. Da ta zo ƙullin sai ta zagaya ta koma ta ƙasa ta ja, ya kwance. Ta koma ta sama, ya riƙe kaɗan ya kwance. Ta leƙa ta tambayi Hajo, Hajo ta ce ita wanka ta sani, Dumbulwa ba ta taɓa yarda ta taɓa mata allura ba. Zinariya ta farka tana neman nono, Raliya ta girgiza ta da baya kawai ta bar ta tana kuka, abin da ba ta taɓa yi ba. Gumi ya sa rezar ta zame, ta tsinke silin da ba shi ba, rami ya buɗe mai faɗin babban yatsa.

A haka maza suka shigo da makara. Sabiru a gaba, idonsa ja, da koren mayafin masallaci a naɗe a hammata. Ya ce yalla, a yi sauri, mota tana bakin lungu, so yake a samu azahar. Raliya ba ta ɗago ba. Ta ce saura kusurwa, kuma da wannan za a rufa mata, haka Iya ta ce.

Ƙasimu ya durƙusa kusa da ita ya yi magana a hankali. Gaggauta jana'iza sunna ce, ya ce, kuma ƙyalle ba ya ƙara wa mamaci komai, ba ya rage masa.

"Na sani, Malam. Ban ce a kwana da ita ba. Ba a kira azahar ba."

"Raliya, tashi ki ba su hanya."

"In na rufe zan tashi."

Sabiru ya fara da Larabci, da sauri, yana cewa aib ne wannan, abin kunya, mace ta tare ƙofa, gawar uwarsa ce ba ta kowa ba. Da ya ga allurar ba ta tsaya ba sai Hausa ta fito masa, Hausa mai nauyi irin ta uwarsa, wadda Raliya ba ta taɓa ji a bakinsa ba.

"Ke jiya kika zo. Ni a nan na tashi. Uwata tana sayar da gyaɗa a bakin kasuwa, yara suna bina suna ce mini ɗan Takruniyya, ɗan baƙuwa baƙar fata. Yau kuma in shiga Haram da ita a rufe da raga kamar kifi, mutane su tsaya kallo? Ba za a yi dariyar uwata ba."

Raliya ta ɗago a karon farko.

"Da ka ji kunyar tarinta kamar yadda kake jin kunyar ƙyallenta, da ka ɗauke ta tun tana iya tsayawa. Ni na kwashe jininta da goyo a bayana. Ka ture aikinta da takalmi ina kallo ban ce maka komai ba. Yanzu ga ni zaune. In za ka shiga, ka tsallake ni."

Zinariya tana ta kuka a bayanta. Mazan da suka riƙe makarar suka sunkuyar da kai. Babu namijin da zai tsallake matar maƙwabci a gaban mijinta, kowa ya san haka, ita ma ta sani. Ƙasimu ya miƙe ya tsaya a gefenta, fuskarsa ta nuna za su yi tasu daga baya. Sabiru ya juya ya dafa famfo da hannu biyu ya tsaya a haka.

Ta bar ƙullin da ba ta iya ba. Ta cike ramin da irin ɗinkin da uwarta ta koya mata na toshe yagaggen zani, allura a kan allura, a matse, har kusurwar ta yi tudu ta yi tauri kamar tafin hannu. Duk faɗin ƙyallen idanu ne a jere, nan kuwa dunƙule. Ta ciji zaren ta tsinke, ta tashi ta janye tabarma.

Da aka fito da Iya a cikin likkafani aka ɗora a makara, ƙarama ƙwarai, Raliya da Hajo suka kama baki da baki suka shimfiɗa mata ƙyallen daga kai har ƙafa. Sabiru bai hana ba, bai kalla ba. Maza suka ɗauka. Mata ba sa bin gawa, don haka Raliya ta tsaya a ƙofar gida tana kallon farin abin yana tafiya a kan kafaɗu tsakanin baƙaƙen bangaye. A bakin lungu, kafin a ɗora a mota, ta ga Sabiru ya warware koren mayafin ya rufa a kai, ya ja gefe da gefe har farin ya ɓace gaba ɗaya.

Ta koma ciki ta zauna ta ba yarinyar nono cike da haushi. Hajo ta ce ta yi haƙuri, ɗa ne, yau uwarsa ta mutu. Raliya ta ce ta san ɗa ne, shi ya sa.

Ƙasimu ya dawo bayan an gama, da ƙura a ƙafa da ƙyallen a naɗe. Ya ce yana jikinta a ƙarƙashin koren, aka yi mata salla da shi, aka kai ta maƙabartar Baƙi'a da shi, ba wanda ya gani. A bakin kabari Sabiru ne ya cire shi ya naɗe, ya miƙo ya ce a ba Raliya. Ƙasimu ya ƙara da cewa abin da ta yi a bakin ƙofa bai ji daɗinsa ba. Ta ce ta sani, kuma ba ta ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba.

"To ya fita da mai shi," in ji Hajo, ta karɓa ta juya shi ta tsaya a kan kusurwar tana latsawa da yatsa. "Kai, wannan kuwa kamar an ɗinke bakin buhu. Ki wanke shi da kyau dai, ni ce zan bi bayanta. Ki sa mini wannan gefen ta wajen ƙafa."

Raliya ta ɗora babbar tukunya ta dafa ƙyallen da sabulu, ta ɗauraye shi sau da yawa har ruwan ya fita fes. Ta hau saman soro da shi a daro, Zinariya a baya ta yi barci, ta shanya shi a igiya ta maƙale. Rana ta karkata yamma, tana bi ta cikin idanun tana zubowa kan siminti ɗigo-ɗigo, jere bayan jere. Ta wajen kusurwa ɗaya ce kawai inuwar ta sauka cikakkiya, kuma daga nan ruwa ya fi daɗewa yana ɗiga.